Gyaran Rajistar Fakitoci ta dpkg Bayan Lalacewar Faifai: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun shafi kwamfutar da ke aiki da Debian, ko Ubuntu, ko Linux Mint, ko Raspberry Pi OS, wadda aka ɗauke mata wuta tana tsakiyar sabunta manhajoji, ko kuma faifanta ya soma gazawa, daga nan `apt`, shirin da ake girka manhajoji da cire su da shi, ya ƙi girka komai, ya kuma ƙi cire komai. Can ƙasa akwai ɗan bayani a kan Fedora da danginta.

Wace ce wannan rajista, kuma a ina take?

Duk manhajar da aka girka ta hanyar `apt` tana zuwa ne a fakiti, kuma `dpkg` ne yake kwance fakitin, ya rarraba fayilolinsa a wuraren da suka dace, sannan ya rubuta abin da ya yi. Wannan rubutu shi ne rajistar, kuma yana zaune a foldar `/var/lib/dpkg`. Jigonta fayil ɗaya ne mai suna `status`, wanda rubutu ne zalla da kowane mutum zai iya buɗewa ya karanta. Kowane fakiti yana da sakin layinsa, mai ɗauke da sunansa da lambar sigarsa da fakitocin da ya dogara a kansu da halin da yake ciki, kuma layi guda wanda ba komai a cikinsa ne yake raba wani sakin layi da wani. Fakitin da yake lafiya ana rubuta masa `Status: install ok installed`.

Kusa da shi akwai foldar `info`, inda kowane fakiti yake da 'yan fayiloli nasa: mai ƙarewa da `.list` yana jera duk fayilolin da fakitin ya mallaka, mai ƙarewa da `.md5sums` yana ɗauke da lambobin tantance su, sai kuma irin su `.postinst` da `.prerm`, waɗanda umarni ne da ake gudanarwa bayan girkawa ko kafin cirewa.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, rajistar ba ita ce manhajojin ba. Kamar littafin ɗan tireda ne: idan ruwa ya jiƙa littafin, kayan suna nan a kan kanta, amma mai shago bai san abin da ya shigo da abin da ya fita ba. Saboda haka kwamfuta tana iya tashi lafiya ƙalau, ana aiki da ita, alhali rajistarta ta wargaje.

Ta yaya zan gane cewa rajistar ce ta lalace?

Saƙonnin da `dpkg` yake fitarwa sukan faɗi wurin da ciwon yake, da Turanci. Idan ka ga `parsing file '/var/lib/dpkg/status' near line` tare da wata lamba, to fayil ɗin `status` ne ya samu tabo a kusa da wannan layi. Idan saƙon ya ce `files list file for package` wane `is missing final newline`, ko `contains empty filename`, fayil ɗin `.list` na fakiti ɗaya ne ya cika da shara. Wanda ya ce `dpkg was interrupted` kuwa shi ne mafi sauƙi, domin yana nufin an katse aiki ne kawai, kuma sau da yawa `sudo dpkg --configure -a` yana ƙarasa shi.

Akwai saƙonni biyu da suka fi waɗannan muni, wato `Input/output error` da `Structure needs cleaning`. Waɗannan ba daga `dpkg` suka samo asali ba. Na farko yana nuna cewa an kasa karanta wani wuri a faifan, na biyu kuma yana nuna cewa tsarin fayiloli, wato abin da ke tsara ajiyar fayiloli a faifan, ya gano ɓarna a cikin kansa. Wanda ya ga ɗayansu ya dakata da duk wani gyaran rajista tukuna.

Me ya sa ba zan fara da gyara rajistar kai tsaye ba, tunda ita ce ta hana ni aiki?

Domin rajistar tana zaune ne a kan tsarin fayiloli, shi kuma yana zaune a kan faifai, kuma wanda ya shafe bango alhali harsashin ginin yana zaizayewa ya yi asarar siminti. Duk abin da aka rubuta a kan tsarin fayiloli mai ɓarna yana iya faɗawa a kan wasu bayanan da a da za a iya ceto su, kuma sake girka ɗaruruwan fakitoci a kan faifan da yake gargarar mutuwa yana iya zama abin da zai ƙarasa shi.

A fara da tambayar faifan kansa. Umarnin `dmesg` yana nuna ko an samu kurakuran karatu, kuma `smartctl -a /dev/sda`, wanda ke cikin fakitin `smartmontools`, yana fitar da rahoton da faifan yake ajiyewa game da lafiyarsa. A faifai mai juyawa a duba layi mai lamba 5, wanda ke ƙirga gurabun da suka mutu aka musanya su, da mai lamba 197, wanda ke ƙirga gurabun da aka kasa karantawa. Idan waɗannan lambobi sun wuce sifiri kuma suna ƙaruwa, maganar gyara a kan wannan faifai ta ƙare. Sai a kwafe shi gaba ɗaya zuwa sabo da `ddrescue` na GNU, wanda yake fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi kafin ya koma kan masu wuya, sannan a yi gyaran a kan kwafin.

Katin memori irin na Raspberry Pi ba ya ba da wannan rahoto, kuma a ganina katin da ya lalata fayiloli sau biyu bai cancanci a ba shi dama ta uku ba. Idan kuwa faifan lafiyarsa lau amma ɓarna tana ta dawowa ba tare da an ɗauke wuta ba, a gwada RAM da `memtest86+`, domin RAM mai matsala tana gurɓata bayanai tun kafin su isa faifai.

Yaya ake gudanar da fsck, shirin da ke duba tsarin fayiloli ya gyara shi, ba tare da an ƙara ɓarna ba?

Sharaɗi na farko shi ne kada a gudanar da shi a kan ɓangaren faifan da aka ɗora (mount), wato aka haɗa shi da tsarin da ke aiki ana rubutu a kansa. Hanya mafi aminci ita ce a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux, a bar ɓangaren da ya lalace ba a ɗora shi ba. Idan tsarin fayilolin nau'in ext4 ne, `e2fsck -fn /dev/sda2` yana dubawa ya faɗi abin da ya gani ba tare da ya taɓa komai ba, kuma yana da kyau a fara da shi don a san girman aikin. Bayan haka sai a cire harafin `n` a yi gyaran na gaske. Sunan `/dev/sda2` misali ne kawai. Umarnin `lsblk -f` zai nuna sunan da ya dace da kwamfutarka.

Idan `e2fsck` ya ce bai gane ɓangaren ba sam, mai yiwuwa babban tubalin da ke bayyana tsarin ne ya lalace. Akwai kwafinsa a wasu wurare, kuma a tsarin da tubalansa suke da girman kilobait 4, kwafi na farko yana lamba 32768, don haka ana gwada `e2fsck -b 32768`. Tsarin fayiloli nau'in XFS yana da nasa kayan gyara, wato `xfs_repair`. Btrfs kuwa, takardun bayaninta da kansu sun yi gargaɗi kada a gudanar da `btrfs check --repair` sai da shawarar masani.

Wani abu da mutane kan manta shi ne, aikin `fsck` daidaita tsarin fayiloli ne, ba dawo da abin da ke cikin fayil ba. Yana iya gama aikinsa ya ce komai ya daidaita, alhali `status` ya zama fanko ko rabinsa ya tafi. Fayilolin da ya tsinta ba su da suna yakan zuba su a foldar `lost+found`, kowanne da alamar `#` da lamba. Kafin a fid da rai, a bincika can da `grep -l "install ok installed"`, domin wani lokaci rajistar da ake nema tana nan kwance da sabon suna.

An gyara faifan, amma fayil ɗin status ya lalace. Daga ina zan samo wani?

Kafin komai a kwafi foldar yadda take, da ɓarnarta, misali `cp -a /var/lib/dpkg /root/dpkg-kafin-gyara`. Wannan kwafi shi ne hanyar komawa baya idan gyaran ya karkace.

Wuri na farko da za a duba shi ne `/var/lib/dpkg/status-old`, wanda shi ne `status` kamar yadda yake kafin rubutu na ƙarshe. Shi ya fi kusa da gaskiya, amma kusancin nan ne kuma yake sa sau da yawa ɓarnar da ta ci ɗaya ta ci ɗayan. Wuri na biyu shi ne `/var/backups`, inda tsarin yake ajiye kwafi sau ɗaya a rana idan rajistar ta sauya. Mafi sabo shi ne `dpkg.status.0`, sai `dpkg.status.1.gz` har zuwa `dpkg.status.6.gz`, waɗanda aka matse su, ana buɗe su da `zcat`.

Kada a ɗauki na farko ido rufe. Idan kwamfutar ta kwana tana aiki bayan ɓarnar ta auku, mai yiwuwa lalataccen fayil ɗin ne aka kwafa ya zama `dpkg.status.0`. A gwada girmansu da ranakunsu da `ls -l`, a ƙirga fakitocin da ke cikin kowanne da `grep -c '^Package:'`, a kuma leƙa ƙarshen fayil ɗin a tabbatar bai yanke a tsakiyar layi ba. Wanda ya fi sabunta cikin masu lafiya shi za a kwafa zuwa `/var/lib/dpkg/status`. Daga nan sai `dpkg --audit`, wanda yake lissafa fakitocin da aka bari a rabin hanya, sai `dpkg --configure -a`, sai `apt --fix-broken install`.

Idan ɓarnar ta tsaya a sakin layi ɗaya ko biyu, akwai hanyar da ta fi wannan tsafta: a buɗe `status` da `nano`, a je layin da saƙon ya ambata, a goge sakin layin da ya gurɓace, a liƙa takwaransa daga kwafin ajiya. Wannan yana kiyaye duk sauran bayanan da suke sababbi. Sai dai a kula da layin nan na fanko da ke tsakanin fakiti da fakiti, domin idan ya ɓace, `dpkg` zai ɗauki fakiti biyu a matsayin ɗaya ya sake tsayawa.

Kwafin da na mayar na kwana uku da suka wuce ne. Abin da aka girka a tsakanin fa?

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsayawa da wuri saboda `apt` ya daina kuka. Rajistar da aka mayar tana ba da labarin kwana uku da suka wuce, faifan kuma yana ɗauke da fayilolin yau. Fakitin da aka sabunta a tsakanin, rajista tana cewa tsohuwar siga ce. Wanda aka girka sabo, rajista ba ta san da shi ba. Wanda aka cire kuma, tana rantsuwa yana nan.

Abin da zai cike wannan giɓi shi ne `/var/log/dpkg.log`, inda ake rubuta kowane girkawa da sabuntawa da cirewa tare da rana da sa'a da lambar siga, da kuma `/var/log/apt/history.log`, wanda yake nuna umarnin da aka bayar. A karanta su daga ranar kwafin zuwa ranar ɓarnar, a fitar da sunayen fakitocin da abin ya shafa. Waɗanda aka girka ko aka sabunta, a sake girka su da `apt install --reinstall` tare da sunayensu. Waɗanda aka cire, a sake girka su tukuna sannan a cire su, domin umarnin cirewarsu ya tafi tare da su, kuma sai sun dawo ne za a iya fitar da su ta ƙofa.

Idan `apt` ya ce ba ya iya samo sigar da rajista ta ambata, galibi don an riga an maye gurbinta ne a ma'ajiyar intanet, kuma sabunta fakitin zuwa sigar yanzu yana warware matsalar. Wanda yake buƙatar tsohuwar sigar ido da ido zai same ta a snapshot.debian.org idan Debian ce. Fitowar Ubuntu da aka daina tallafa wa kuma ana mayar da ita old-releases.ubuntu.com.

Fayil ɗin .list na fakiti ɗaya ne kawai ya lalace, amma komai ya tsaya. Me ya sa?

Saboda `dpkg` yana karanta jerin fayilolin dukkan fakitoci kafin ya taɓa ko ɗaya, don kada wani fakiti ya rubuta a kan fayil ɗin wani. Jeri ɗaya da ba ya karantuwa ya isa ya tsayar da shi. Maganin shi ne a matsar da lalataccen fayil ɗin daga `/var/lib/dpkg/info` zuwa wani wuri, sannan a sake girka fakitin. `dpkg` zai yi gargaɗi cewa bai ga jerin ba, zai ɗauka fakitin ba shi da fayiloli, ya ci gaba, kuma girkawar za ta rubuta sabon jeri. A lura cewa wasu sunayen suna ɗauke da nau'in injin, kamar `libc6:amd64.list`.

Ɓarnar faifai ba ta cika cin fayil ɗaya ta ƙoshi ba, don haka da an gyara wannan, saƙon yakan koma kan wani. Maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya, `file /var/lib/dpkg/info/*.list | grep -v text` yana fito da waɗanda ba rubutu ba ne a cikinsu, har da waɗanda suka zama fanko, sai dai yana tsallake duk fayil ɗin da sunansa yake ɗauke da kalmar `text`.

An ce in goge fayilolin lock, ko in yi amfani da --force-all. Shawara ce mai kyau?

A'a. Kullen da `dpkg` yake yi yana sakin kansa da zarar shirin da ya riƙe shi ya mutu, ko da fayil ɗin `lock` yana nan a wurinsa. Idan aka ce a kulle yake, to akwai wani shiri mai rai da yake aiki a kan rajistar, sau da yawa `unattended-upgrades`, mai sabunta fakitoci da kansa a Ubuntu, kuma goge fayil ɗin yana ba shirye-shirye biyu damar rubutu a littafi ɗaya lokaci ɗaya. A jira shi ya gama.

Shi kuwa `--force-all` yana kashe dukkan matakan kariya ne a tare. Idan tilas ta kama, a zaɓi tilastawa guda da ta dace da matsalar. Fakitin da aka ce yana cikin `very bad inconsistent state`, alal misali, a fara gwada sake girka shi. Idan ya ƙi, `dpkg --remove --force-remove-reinstreq` tare da sunansa yana fitar da shi. Haka nan idan saƙon kuskure ya ambaci wani fayil mai lamba a `/var/lib/dpkg/updates`, a matsar da fayilolin gefe, kada a goge su.

Akwai wuri ɗaya da gogewa ba ta da illa, wato `/var/lib/apt/lists`. Abin da ke ciki jerin kayan da ke ma'ajiyar intanet ne, kuma `apt update` yana sake sauko da shi. Shi ne maganin saƙon `Problem with MergeList`.

Yaya zan tabbatar cewa manhajojin kansu ba su lalace ba?

`dpkg --verify` yana gwada fayilolin da ke kan faifai da lambobin tantancewar da aka ajiye. Layin da ya nuna lamba 5 yana nufin abin da ke cikin fayil ɗin ya sauya, kalmar `missing` kuma tana nufin ya ɓace. Harafin `c` alama ce ta fayil ɗin saiti, kuma sauyinsa ba abin tsoro ba ne idan kai ka gyara shi da hannunka. Manhajar `debsums` tana yin irin wannan aiki. `dpkg -S` tare da sunan fayil yana faɗin fakitin da ya mallake shi, sai a sake girka wannan fakiti kaɗai, wanda ya fi sauƙi ga mai sayen data a kan sake sauko da komai. A duba `/var/cache/apt/archives` ma, wataƙila fakitin yana nan tun saukowar farko.

Sake girkawa ba ya dawo da fayil ɗin saiti da ya ɓace daga `/etc`, domin `dpkg` yana ɗauka mai kwamfutar ne ya cire shi da gangan. Sai an ƙara `-o Dpkg::Options::="--force-confmiss"` a umarnin `apt`.

Idan dpkg ɗin kansa ne ya lalace fa?

Sai a yi aikin daga waje. A tashi daga filash mai fitowa iri ɗaya da ta kwamfutar, a ɗora ɓangaren a `/mnt`, a sauko da fakitin `dpkg`, a kwance shi a wata folda ta daban da `dpkg-deb -x`, a kwafi lalataccen fayil ɗin kaɗai zuwa wurinsa. Kada a kwance fakiti kai tsaye a kan tushen tsarin, domin a sababbin fitowa `/bin` da `/lib` mahaɗai ne da ke nuni zuwa cikin `/usr`, kuma kwancewar ganganci tana iya maye gurbinsu da folda ta gaske, kwamfutar ta ƙi tashi. Bayan haka a shiga tsarin da aka ɗora a `/mnt` da umarnin `chroot`, a sake girka `dpkg` yadda ya kamata don rajista ta shaida.

Babu status, babu status-old, babu komai a /var/backups. Akwai sauran dabara?

Akwai, amma ba ta da daɗi. Ana iya tattara sunayen fakitoci daga fayilolin `.list` idan foldar `info` ta tsira, ko daga `/usr/share/doc`, tunda ƙa'idar Debian ta wajabta wa kowane fakiti ya ajiye bayanin haƙƙin mallakarsa a can ƙarƙashin sunansa. Daga nan sai a fara da `status` fanko a sake girka komai a kan abin da yake nan. Aikin yana cin lokaci, yana tuntuɓe a kan fakitocin da suka dogara da juna, kuma a ƙarshe ba a cika samun natsuwa da sakamakon ba. Shawarata ita ce a kwashe `/home` da `/etc` da bayanan da ke `/var`, irin su rumbunan bayanai da fayilolin shafukan intanet, a girka tsarin sabo, a yi amfani da wancan jerin sunaye wajen mayar da manhajojin.

A Fedora da Red Hat ma haka abin yake?

Matakin faifai iri ɗaya ne, rajistar ce ta bambanta, domin ta RPM, takwaran `dpkg` a can, ba rubutu ba ce da za a gyara da hannu. Tsofaffin fitowa suna amfani da Berkeley DB a `/var/lib/rpm`, inda aka saba kwafe foldar, a cire fayilolin da suka fara da `__db`, a gudanar da `rpm --rebuilddb`. Fedora 33, wadda ta fito a 2020, ta koma SQLite, Fedora 36 kuma ta mayar da rajistar `/usr/lib/sysimage/rpm`. Umarnin `--rebuilddb` yana sake gini ne daga bayanan fakitocin da suka rage a cikin rajistar, ba ya ƙirƙiro waɗanda suka ɓace. `rpm -Va` shi ne takwaran `dpkg --verify`.

Me zan tanada tun yanzu?

Kwafin da ke `/var/backups` yana zaune ne a faifai ɗaya da rajistar, galibi ma a ɓangare ɗaya, don haka ba ya tsira daga mutuwar faifai. A riƙa kwafe `/var/lib/dpkg` da `/etc` zuwa wani faifan dabam, tare da sakamakon `apt-mark showmanual`, wanda yake jera fakitocin da aka girka da niyya. A inda wuta ba ta da tabbas, kada a fara babban sabuntawa a kwamfutar tebur sai tana kan UPS ko inbata mai caji, laftof kuma sai batirinta ya cika. Idan ta intanet ake sarrafa wata kwamfuta mai nisa, a gudanar da sabuntawar a cikin `tmux` ko `screen`, don kada yankewar layi ta katse `dpkg` a tsakiyar rubutu.